Ni Ce Mai Ɗiga, Gidana Ne Ya Ƙi

A shekarun da na yi ina bin lunguna da akwatin ƙanƙara a kafaɗa, ina ɗiga wa 'ya'yan mutane maganin shan inna, akwai wani gida a mazaɓarmu da ba ya fita daga jerin gidajen da suka ƙi. Duk zagaye sai ya hau takarda, duk taron yamma sai an ambace shi a gaban mai unguwa. Gidana ne. Ba a tura ni layinmu, wasu abokan aikina ake turawa. Su yi sallama a zaure, yaro ya leƙo ya ce Baba ya ce a'a, su zana alamar ƙi da alli a jikin bango su ƙara gaba. Da la'asar in dawo ƙafa duk ƙura, in wuce ta gaban allin nan, in shiga ɗaki in cire hijabi in ɗora tukunya.

A wajen horo kullum ana siffanta mana mai ƙin rigakafi a matsayin wanda bai waye ba, wanda aikinmu shi ne mu wayar masa da kai. Ni kuwa da irin mutumin nake kwana, na san ba haka yake ba. Maigidana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Ya gama sakandare, ya yi karatun zaure gwargwado, rediyo kuma ba ta barin kunnensa, daga BBC zuwa Jamus zuwa Muryar Amurka. Idan ya ƙi abu yana da dalilan da zai jero maka, da shekara da sunan gari.

Dalilinsa na farko 1996 ce. A shekarar sanƙarau ya yi wa Arewa ɓarnar da har yau ake kafa tarihi da ita, mutum sama da 11,000 suka rasu. Ana cikin wannan hali kamfanin Pfizer ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda muke kira Asibitin Zana, ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su sabon, rabi aka ba su wani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko naƙasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba, shari'a ta yi ta jan ƙafa har 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Na sha ce masa, “Malam, Trovan fa ba rigakafi ba ne, magani ne da ake ba wanda ya riga ya kamu.” Sai ya ce shi ma ya sani. Abin da ya riƙe shi ne an taɓa zuwa garin nan da farar riga da fara'a, an ce taimako aka kawo, daga baya sai a kotu aka ji sauran bayani.

Dalili na biyu gwamnatinmu ce da kanta ta ba shi. A 2003, Amurka ta shiga Iraƙi, zukata a tafashe, sai Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci ƙarƙashin Dakta Datti Ahmad, wanda shi ma likita ne, ta ce tana zargin an gauraya ɗigon da sinadarin hana haihuwa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da aikin, Zamfara da Kaduna ma suka tsaya na ɗan lokaci. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan kwamitoci sun duba, aka kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi. A Oktoban shekarar gwamna ya miƙa 'yarsa ƙarama, Shugaba Obasanjo ya ɗiga mata a bainar jama'a. Kafin ƙura ta lafa shan inna ta riga ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20 da suka rabu da ita tuntuni, har Yaman, har ita kanta Indunusiyar da muka je neman magani. Gwamnati ta sauya magana cikin shekara guda. Talakan da aka ce wa bara a yi hattara, bana aka ce ya buɗe bakin ɗansa, bai ga abin da zai sa ya sauya tasa da wannan saurin ba.

Na shiga aikin a 2006, lokacin da aka fara haɗa ɗigon da ɗan sabulu da alewa da sinadarin bitamin A don a jawo iyaye. Ungozomar unguwarmu ce ta ba da sunana saboda na iya rubutu. Ban zaci zai bar ni ba, sai ya ce, “Je ki yi aikinki, wanda ya yarda ki ba shi. Amma nan gidan ban yarda ba.” Kuɗin aikin ba su taka kara sun karya ba, amma suna zuba mini adashi.

Abin da na yi bayan nan zan faɗe shi, tunda shekaru sun ja kuma shi ma ya riga ya sani. Gidan mahaifiyata yana cikin layukan da aka ba ni. Ranar da za a fara zagaye sai in ce yara su je su wuni wajen kakarsu. In mun iso gidan in kira su ɗaki, in matse kumatu, ɗigo biyu, in ce wa mai rubutu ta ƙirga su amma kada alƙalaminta ya taɓa hannunsu. Shaidar an yi wa yaro ita ce tawadar da ake shafawa a farcen ƙaramin yatsan hagu, ba ta fita da wanki ɗaya, kuma uba in ya dawo daga kasuwa hannun yaro yake fara kamawa. Mahaifiyata ba ta taɓa tanka mini ba. Sai dai ta ba su ƙuli-ƙuli ta ce kada a kai surutu gida.

Ba ni kaɗai ba ce. Da na daɗe a aikin sai na gane roƙo iri biyu ake yi mana a tsakar gida, da murya ƙasa-ƙasa. Wata ta ce, “Don Allah ki ɗiga masa, amma kada ki sa masa tawada, babansa ba ya so.” Wata kuma ta ce, “Baiwar Allah, sa masa tawadar kawai ki tafi, kada ki ɗiga, don a daina yi mana sintiri.” Ta farko na biya mata bukata da hanzari. Ta biyu na san ma'aikatan da suke biya mata, don rana ta yi zafi, takarda tana son lamba, mai duba aiki kuma yatsa yake dubawa ba ciki ba. Shi ya sa in na ji ana karanta alƙaluman zagaye a rediyo, kashi kaza cikin ɗari an yi musu, nakan yi shiru. Akwai yaran da suka sha ba a gani a yatsarsu ba, akwai masu tawada da ko ɗigo bai shiga bakinsu ba.

Ɗigon da na ba 'ya'yana a ɓoye ya kare ƙafafunsu, kuma ko yau aka mayar da ni wancan lokaci zan ba su. Amma bai matsar da ubansu ko taku ɗaya ba. Yana nan inda yake, ni ina nan da sirrina, allin yana nan a bango.

Tambayoyin da ake yi mana a ƙofar gida ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa. Ta farko: “Sau nawa za a ɗiga wa yaro ɗaya? Watan jiya kun zo, ga ku kuma.” Amsar da aka koya mana ita ce rigakafi ya fi magani, mu kuma muka yi ta maimaita ta har ta zama kamar sallama, ba mai jin ta. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni ta yi mini bayanin da ya kamata a ce da shi aka fara. Ɗigon a hanji yake aiki. Yaron da ke fama da gudawa, ko cikinsa cike da wasu ƙwayoyin cuta saboda ruwan da yake sha, ba kowane ɗigo ne ke kama shi ba. Kamar binne ne kafin damina ta zauna, wani ramin ya tsiro wani ya ƙone, dole a koma a sake. Ta kuma ce cikin yara 200 da cutar ta shiga jikinsu, kusan ɗaya ne ƙafarsa ke shanyewa. Sauran suna yawo garau, suna zubar da ita a bayan gida, ƙuda da ruwa da hannun da ba a wanke ba su kai ta gidan maƙwabci. Da na fara faɗa wa iyaye wannan, da Hausar da muke yi a gida, sai na ga ana tsayawa ana saurare. Ba kowa ke yarda ba, amma an daina rufe ƙofa ina tsakiyar magana.

Tambaya ta biyu ita ce wadda ta fi ƙarfina. Wani dattijo mai faskare ya taɓa fitowa da kansa, bai ɗaga murya ba. Ya ce, “'Yata, watan da ya wuce zazzaɓi ya kwantar mini da yaro. Na kai shi asibiti, kati da kuɗi, gwaji da kuɗi, magani aka rubuta mini aka ce in je kemis. Ba wanda ya biyo ni gida ya tambayi jikinsa. Wannan da ban roƙa ba, shi ne kyauta, shi ne ake kawo mini har zaure, har da sabulu. Ke in ke ce, ba za ki yi tunani ba?” Na tsaya da kwalba a hannu, ba ni da ta cewa, don maganar da ake yi mini a gida ce da daddare, kalma da kalma.

Tambayar tana da amsa ta ilimi. Shan inna a jikin ɗan'adam kaɗai take rayuwa, saboda haka in aka toshe mata hanya a ko'ina za ta ƙare gaba ɗaya, yadda agana ta ƙare aka sanar a 1980. Zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin wannan sahu. Duniya ta zuba kuɗi a kan wadda take ganin za a iya gamawa da ita. Surukata, Allah ya jiƙanta, tana da tabon lamba a dantse, kuma ta ga masu zanen agana a fuska da idonta tun tana yarinya. Ita ce takan ce wa ɗanta, “Kai ka taɓa ganin mai agana? To lambar nan da ka gani a hannuna ce ta sa.” Amma amsar ilimi ba ta sayen maganin zazzaɓi. Dattijon nan ba bayani yake nema ba, so yake ya ga wanda ya damu da ƙafar ɗansa ya damu da sauran jikin. Sai wajen 2014 aka fahimci haka sosai, aka riƙa kafa 'yan rumfunan lafiya a unguwanni lokacin zagaye, ana gwajin zazzaɓi, ana ba da maganinsa da na tsutsar ciki da ruwan gishiri da sukari, ana auna hawan jinin tsofaffi. A irin rumfar nan na ga iyayen da suka shekara suna kora ta sun zo da ƙafarsu, yaro a kafaɗa. Shekara goma aka ɓata kafin a yi abin da mai faskare ya faɗa a tsaye.

Akwai kuma gaskiyar da ba a so mu taɓa. Wata rana maigidana ya dawo ya ce ya ji a rediyo cewa ɗigon da kansa ya shanye ƙafafun wasu yara a Arewa. Na ce ƙarya ce. Ashe akwai ƙamshin gaskiya. Ƙwayar da ke cikin ɗigon rayayyiya ce da aka raunana. A unguwar da yawancin yara suka sha, ba ta samun wurin zuwa. A unguwar da kaɗan suka sha, tana iya yawo daga cikin wannan yaro zuwa na wancan tsawon watanni, har ta sake yin ƙarfi, ta kama wanda ba a yi wa ba. Wato ƙarancin ɗigon ne ke ba ta dama, kuma har yau da wannan nau'in ake fama. Bayani ne da uwa za ta gane cikin minti biyu. Amma aka ɓoye mana shi don kada mu tsorata mutane, sai mutane suka ji shi daga wani bakin, mu muka zama maƙaryata a ƙofar gidajensu.

An gwada ƙarfi ma. An yi lokacin da hukuma ta ce za ta gurfanar da duk uban da ya hana, ana zuwa gidan da ya ƙi da ɗan sanda. Na ga abin da ya haifar. Yara a ƙarƙashin gado, yara a bayan buhunan hatsi, jariri a miƙa shi ta katanga gidan maƙwabta. Takardar ranar takan yi kyau, amma matan gidan sai su daina zuwa awo, don sun haɗa mu da asibitin da ɗan sandan sun ɗaure a ƙulli ɗaya. Abin da ya fi amfani shi ne shigowar sarakuna. Daga 2009, da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya, sai ya zama mai unguwa ne ke shiga gaba, mu muna baya. Marigayi Sarkin Kano Ado Bayero ya sha ɗiga wa yara da hannunsa. Ƙofofi da yawa sun buɗe, wasu don yarda, wasu don kunyar mai unguwa, ni kuwa a lokacin ba na tambayar wanne ne. Sai kuma guragun da cutar ta shanye, irin ƙungiyar Aminu Ahmad Tudun Wada masu ƙera kekunan guragu. In ɗaya daga cikinsu ya ja jiki ya shiga zaure ya ce wa maigida, “Alhaji, dube ni da kyau,” ba a cika yin doguwar muhawara ba.

Shi nawa maigidan, abin bai zo masa a rana ɗaya ba. Da Allah ya kira shi aikin Hajji, tun a nan gida aka yi masa allurar sanƙarau da ta shawara, ya karɓi katinsa mai ruwan ɗorawa bai ce uffan ba, don in ba kati ba tafiya. Da suka sauka, ma'aikatan lafiyar Saudiyya suka jera alhazan Najeriya, babba da yaro, aka ɗiga wa kowa a baki. Da ya dawo shi da kansa yake ba masu zuwa barka da sauka labari yana dariya: “Har da mu masu furfura, aka ce mu hangame.” Ina daga ɗaki ina ji. Na jira ya ce wani abu a kan yaranmu, bai ce ba. Zagaye na gaba ma an zana mana alli.

Ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013, da safe, 'yan bindiga suka buɗe wuta a ƙananan asibitoci biyu a Kano, suka kashe mata tara masu aikin rigakafi. Ba a mazaɓarmu ba ne, amma irin hijabinmu ne, irin akwatinmu ne, irin kuɗin da muke jira a ƙarshen zagaye su ma suke jira. Da aka dawo aiki, wasu suka ajiye, waɗanda muka ci gaba muka riƙa sa akwatin cikin buhu kamar masu zuwa cefane. Na ɗauka ranar ce zai ce in zauna a gida, kuma da ya faɗa da na zauna. Sai na ga ya sa hula da sassafe ya ce in wuce mu tafi. Ya raka ni da ƙafa har inda muke karɓar magani, ya tsaya nesa kaɗan har muka fita. A hanya abin da ya ce kawai shi ne, “Ƙin abu daban, kashe 'ya'yan mutane daban.”

A cikin makonnin nan na gaya masa. Na gaya masa zancen gidan mahaifiyata. Na kuma gaya masa wani abu da na daɗe da sani na yi shiru: duk 'ya'yanmu shi da kansa yake ba ni kuɗin mota in kai su asibiti allurar jarirai, don ƙyanda ta kashe masa ƙanne biyu yana yaro, ba ya wasa da ita. To a can asibitin, ranar haihuwa da sati 6 da sati 10 da sati 14, ɗigon da ake sa wa jariri a baki kafin allura, shi ne dai wannan da yake kora a ƙofar gida.

Ya yi fushi, fushin da ya daɗe. Amma ba a kan ɗigon ba. Ya ce, “Da kin faɗa mini da na yi faɗa, amma da na san matsayina a gidana.” Wannan ban da amsarsa, na ba shi haƙuri. Game da na asibiti kuwa, na zaci zai ji kunya, sai ya ce abin da ya sauya yadda nake aikin har na bar shi. Ya ce, “Wancan ni na aike ki. Na san ƙofar, na san fuskar mai allurar, in yaro ya kwana da ciwo na san inda zan je da safe in kama mutum. Waɗannan da suke biyo ni gida, kwana huɗu su ɓace. In wani abu ya faru, wa zan nema?”

Shekara da shekaru ina zaton da abin da ke cikin kwalbar yake rigima. Ashe babbar damuwarsa wa ke riƙe da ita, kuma ko za a same shi gobe. Da na koma na duba gidajen da suka fi ba ni wahala, sai na ga kusan duk haka ne. Matar da ta kore ni, in ungozomar da ta yanke wa ɗanta cibiya ce ta zo, sai ta miƙa shi. Wannan ne sirrin matan da UNICEF ta fara ɗauka a 2012, 'yan unguwa masu bin gidajen unguwarsu, waɗanda daga baya ni ma na koma cikinsu. Ba ma zuwa da kwalba. Muna zuwa barka, muna zuwa suna, mun san mai ciki wata nawa ne, mun san wadda mijinta ya yi tafiya. In yaro ya yi zazzaɓi bayan allura, uwarsa ta san ɗakina, tana iya zuwa ta zazzage ni, kuma an zo an zazzage ni ba sau ɗaya ba. Wadda ta zo ta yi mini faɗa ita ce ke komawa allura ta biyu. Wadda ba ta da wanda za ta yi wa faɗa, ita ce ke ɓacewa.

A gidanmu ba a yi wani biki ba. Wani zagaye ne kawai ya zo, masu ɗiga suka yi sallama, ya ce a fito musu da 'yar auta. Yaro na ƙarshe da asalin cutar shan inna ta kama a jihar Kano a Sumaila yake, a Yulin 2014. Ta sake ɓulla a Borno a 2016, a yankunan da rikici ya hana shiga, sannan ranar 25 ga Agustan 2020 aka sanar Afirka ta rabu da ita.

Ban yi murna mai tsawo ba, don a ƙarshen 2022 mashaƙo ya shigo, kuma Kano ce ta fi ko'ina yawan waɗanda suka kamu. Cuta ce da ke yin farar fata a maƙogwaro ta toshe numfashi, wuya ya kumbura, wani yaron ya warke daga maƙogwaron zuciya ta ba shi matsala daga baya. Rigakafinta yana cikin allurar cinya da ake yi wa jariri sau uku, a sati 6 da 10 da 14, mai haɗe da na tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta. Akasarin yaran da suka kamu ba a yi musu ba, ko an fara ba a ƙarasa ba. Iyayensu da yawa ba su taɓa jin sunan Trovan ba, ba su da wata aƙida a kan Turawa. Sun fara ne suka bari, kuma na san dalilan don na raka su.

Allurar cinyar nan tana sa zazzaɓi da kumburi, yaro ya kwana yana kuka. Abu ne da aka sani, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma in ba a faɗa wa uwa ba, ta kai ɗanta lafiya lau ta dawo da shi jiki zafi rau, kakarsa ta ce, “Ai ga irinta nan,” uban ya ce kada a sake. Magana ce ta numfashi ɗaya: Hajiya, yau da dare jikinsa zai yi zafi, alamar maganin na aiki ne, ki ba shi nono sosai, ga yadda za ki ba shi farasitamol, in ya wuce kwana biyu ki dawo. Ma'aikaciyar da layi ya kai mata har waje ba ta da wannan numfashin. Sai kuma wadda ta biya kuɗin adaidaita ta zo allurar ƙyanda ta wata 9, a ce mata ba za a fasa kwalba ba sai yara sun taru, don in an haɗa maganin ba ya wuce awa shida, ta dawo wani satin. Ko wadda katinta ya jiƙe a damina, a tsare ta a gaban mata a ce ita wace irin uwa ce. Duk waɗannan in an zo rubutu, cikin masu ƙin rigakafi ake sa su. Na taɓa faɗar haka a wani taron ma'aikata, aka ce in bar zancen, ba shi ne a ajanda ba.

A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa a Najeriya. Kafin ta iso makarantar 'yar autata, saƙonnin murya sun riga ta isowa ta WhatsApp, tsohon zance a sabuwar waya: me ya sa mata kawai, me ya sa waɗanda ba su yi aure ba. Maigidana, wanda yanzu furfurar ta cika, ya saurari saƙon har ƙarshe ya ce, “Tambayar ai ba ta banza ba ce.” Wannan karon ban ce yarinya ta je gidan kowa ta wuni ba. Na ce ya shirya mu je ya tambaya da bakinsa.

Shugabar ƙaramin asibitin unguwarmu ta ba shi kujera. Ta ce masa ƙwayar cuta ce ke haddasa sankarar, allurar tana aiki sosai ne in an yi ta kafin yarinya ta haɗu da ƙwayar, shi ya sa ake yi da wuri. Ta ce an fara da mata ne don su cutar ke kashewa, amma a Ingila da Ostireliya har maza ake yi wa. Ta gaya masa hannu zai yi tsami, wata yarinyar takan ji jiri, shi ya sa ake zaunar da su kaɗan bayan an yi. Ya tambaye ta ko tana da 'ya mai irin shekarun. Ta ce tana da ita, an yi mata. Ya ce ta ba shi lambar wayarta, ta karanto masa, ya kira a take ya ji ta yi ƙara a aljihun rigarta, sannan ya ce a yi.

Maƙwabcinmu na jikin katanga bai yarda ba. Ya ce shi sai ya ga 'yan matan da aka yi wa sun yi aure sun haihu tukuna. Matarsa ta same ni a soro ta yi mini roƙon nan da na saba ji, na ce mata allura ba ɗigo ba ce, hannu zai nuna, kuma ko ba zai nuna ba na daina wannan hanyar. Maigidana ya ce in bar masa shi, sahu ɗaya suke tsayawa a masallaci. Sun fara maganar, sun tsaya a kan 1996.